Wanne ne reshe, wanne ne ganye? Lissafin matuƙan jirgin sama kafin su sauya kamfani

 

Yau Amurka za mu leƙa, kuma maganar matuƙan jirgin sama za mu yi. Na san wani zai ce, mu da muke lissafin kuɗin adaidaita sahu, ina ruwanmu da direban jirgi a Amurka? Ɗan'uwa yi haƙuri ka tsaya. Akwai wata tambaya da take hana dubban matuƙa barci a can, kuma in ka fahimce ta, za ka daina saurin ba mai shirin sauya wurin aiki shawara.

Ga tambayar. Mutum ne kyaftin a ƙaramin kamfanin jiragen sama. Ya yi shekara 15 a wurin, shi yake zaɓen ranakun da zai tashi, yana ganin yaransa, albashinsa ba laifi. Sai Delta ko United ko American suka kira shi, suka ce ga aiki. Ya tafi ko ya zauna? Da jin haka za ka ce, wannan ma har tambaya ce? Babban kamfani fa! To ai kuwa akwai masu cewa a'a, kuma da hankalinsu.

Bari in fara da yadda kasuwar take. In ka sayi tikiti zuwa wani ƙaramin gari a Amurka, tikitin zai ce United ko Delta, jirgin ma fentin kamfanin ne a jikinsa, amma sau da yawa mutum biyun da ke gaba ba ma'aikatan kamfanin ba ne. 'Yan kwangila ne. Ka duba da kyau za ka ga an rubuta United Express, ko Delta Connection, ko American Eagle, sannan kusa da ƙofa da ƙananan baƙaƙe ga sunan kamfanin da yake tuƙa jirgin: SkyWest, Republic, Envoy, PSA, Piedmont, Endeavor. Wasunsu mallakar manyan ne. Envoy da PSA da Piedmont na American ne, Endeavor ta Delta ce. Wasu kuma zaman kansu suke yi, kamar SkyWest da take yi wa manyan kamfanoni huɗu aiki a lokaci guda. Jiragensu ƙanana ne, irin su Embraer ɗan Burazil da CRJ ɗan Kanada, masu kujeru 50 zuwa 76. Wannan 76 ɗin ma ba daga sama ta faɗo ba. Ƙungiyoyin matuƙan manyan kamfanoni ne suka sa aka rubuta a yarjejeniyarsu cewa ɗan kwangila ba zai ja jirgin da ya wuce haka ba, don kar a wayi gari an kwashe musu aiki an ba masu arha. Mafi yawan matuƙan da ba daga soja suka fito ba, ta waɗannan ƙananan kamfanonin suke farawa.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Ranar da kamfani ya ɗauke ka, za a ba ka lamba a layi, kuma kai ne na ƙarshe. Wannan lambar ita ke juya rayuwarka. Ita za ta faɗi irin jirgin da za ka ja, da garin da za a ajiye ka, da ko za ka samu hutun ƙarshen mako, da ko ranar biki za ta same ka a gida ko a ɗakin otal, da kuma ranar da za ka tashi daga kujerar dama ta mataimaki ka koma kujerar hagu ta kyaftin. Duk wata kowa zai shigar da jadawalin da yake so, kwamfuta ta fara rabo daga lamba ta ɗaya, ƙanzon tukunya shi ne na sababbin zuwa. Ba ruwan lambar da ƙwarewarka. Ko kai ka fi kowa iya saukar da jirgi cikin iska da ruwa, wanda ya riga ka shiga da mako biyu yana gabanka har ɗayanku ya yi ritaya. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, mu karin magana ce a wurinmu, su kuwa a rubuce take cikin yarjejeniya. Waɗanda aka ɗauka rana ɗaya ma sai an jera su, wani kamfanin da shekarun haihuwa, wani da lambobin ƙarshe na katin shaidar da gwamnati take ba kowa.

Kuma lambar ba ta bin ka. Likitan da ya yi shekara ashirin yana aiki, in ya sauya asibiti, babban likita ne a sabon wurin. Kyaftin mai awa 10,000 a sama in ya sauya kamfani, aji ɗaya zai zauna da yaro ɗan shekara 26. Ya koma kujerar dama, ya koma albashin shekarar farko, ya shiga shekarar gwaji wadda a cikinta in aka ga dama aka sallame shi, ƙungiya ba ta da ƙarfin tsaya masa sosai. Sannan ga zaman jiran kira: ba shi da jadawalin kansa, wayarsa a kunne, in wani ya yi rashin lafiya a kira shi ya hallara cikin 'yan awanni. Garuruwan da ake tura sababbi kuma yawanci su ne waɗanda tsofaffi suka guje wa saboda tsadar rayuwa, irin su New York da San Francisco. In iyalinsa suna wata jiha mai nisa, sai ya riƙa neman kujerar da ta rage a jirgin wasu don ya je wurin aiki, ya kama gado a gidan haɗaka kusa da filin jirgi, gadaje masu hawa biyu, maza rututu a ɗaki. Mutum mai shekara hamsin fa, wanda jiya shi ake gaisarwa.

Ni dai ra'ayina a kan wannan tsari rabuwa biyu ya yi. Ina son sa ta fuska ɗaya, don ya kashe wa-ka-sani. Ba ɗan gidan manaja da zai tsallake ka. Kuma kyaftin zai iya cewa wannan jirgin ban yarda da lafiyarsa ba, ba zan tashi ba, ba tare da tsoron za a hana shi ƙarin girma ba. Duk wanda ya san yadda ake raba muƙami a wasu wuraren namu zai gane darajar wannan. Amma ta ɗaya fuskar igiya ce a ƙafa. Duk shekarar da ka ƙara a kamfani, ficewa tana ƙara maka tsada, kuma masu kamfanin sun san haka sarai.

A da can wannan tambayar ba ta da wuya, saboda ƙananan kamfanoni albashin yunwa suke biya. Abin ya fito fili ne bayan wani haɗari. Daren 12 ga Fabrairun 2009, jirgin Colgan Air mai lamba 3407, da yake yi wa Continental kwangila, ya taso daga Newark zai sauka a Buffalo, ya faɗa kan wani gida. Mutum 50 suka rasu, 49 a jirgin, ɗaya a cikin gidan. Masu bincike sun gano cewa jirgin ya rage gudu har ya fara gargaɗi, kyaftin ya ja sitiyari baya a inda ya kamata ya tura gaba. Amma abin da ya girgiza jama'a shi ne rayuwar mataimakiyarsa. 'Yar shekara 24 ce, albashinta wajen dala 16,000 a shekara, tana zaune a yankin Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma a jiragen dakon kaya ta kwana tana tahowa wurin aiki. Iyalan mamatan suka yi ta sintiri a majalisar dokoki har aka yi doka a 2010, ta fara aiki a 2013. Kafin nan da awa 250 za ka iya zama mataimaki. Bayan nan sai kana da awa 1,500, sai dai an rage wa tsofaffin sojoji zuwa 750, masu digirin tuƙin jirgi kuma 1,000. Abin mamakin, duka matuƙan biyu na wannan jirgin sun wuce awa 1,500 ɗin, shi ya sa har gobe ake gardama a kan dokar. Amma ta canza kasuwa. Wa zai ci bashin makaranta, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana koyar da ɗalibai a ƙaramin jirgi don tara awanni, sannan ya karɓi dala dubu ashirin da 'yan kai?

A nan bari in ɗan ratse gida. Wannan ramin da ke tsakanin samun lasisi da samun kujera, mu ma mun san shi. Muna da kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964. A 2013 gwamnatin Kano ta tura matasa 100 Jodan su koyi tuƙi, kuma da yawansu sun dawo da lasisi suka daɗe ba kujera, saboda kamfani yana son wanda ya riga ya yi horo na musamman a kan irin jirginsa kuma ya tara awanni, horon nan kuwa kuɗi ne mai yawa na daban. Duk mai shirin tura yara irin wannan karatu, gwamnati ko mai hali, ya sa wannan matakin a cikin kasafinsa tun farko.

To mu koma. Korona ta zo a 2020, manyan kamfanoni suka lallaɓa dubban tsofaffin matuƙa suka yi ritaya da wuri don rage kashe kuɗi. Kwatsam tafiye-tafiye suka dawo da ƙarfi. A 2022 da 2023 manyan kamfanonin sun ɗauki matuƙa fiye da 12,000 a kowace shekara. Daga ina? Daga ƙananan. Suka yashe musu kyaftin-kyaftin. American da bakinta ta ce ta ajiye ƙananan jirage kusan 100 a ƙasa don ba masu ja, kuma a Satumbar 2022 ta daina zuwa garuruwa irin su Toledo da Dubuque da Ithaca. Kun ga shawarar da mutum ɗaya yake yankewa a ɗakinsa, in ta taru, gari guda take rabawa da jirgi.

Da uwar bari ta gani, ƙananan suka buɗe bakin aljihu. A Yunin 2022 Envoy da Piedmont suka ɗaga sabon mataimaki daga dala 51 a awa zuwa 90, sabon kyaftin zuwa 146. Wata biyu bayan haka Mesa ta ce dala 100. Ku lura, da awa ake biyan matuƙi, kuma awar tana fara ƙirguwa ne daga lokacin da jirgi ya bar wurin lodi zuwa lokacin da ya tsaya a ɗaya gefen. Zaman jira a filin jirgi da duba jirgi kafin tashi ba sa ciki. Doka kuma ta hana shi wuce awa 1,000 a shekara. Don haka in ka ji kuɗin awa, ninka shi sau 900 ko 1,000, ka samu kusan na shekara. Na san yanzu wani ya ɗauko waya yana bugawa da canjin naira. Ajiye wayar. Kamfanonin nan mai izinin aiki a Amurka suke ɗauka, 'yan Ostireliya ne ma suka samu ƙofa saboda wata biza ta musamman da ƙasarsu take da ita. Duk ejan da ya ce ka kawo kuɗi zai sama maka kujera a can, riƙe aljihunka.

Wasu kamfanonin kuma da sanda suka zo. A 2023 Republic ta fito da takardar da sabon ma'aikaci zai sa wa hannu, in ya fice kafin wa'adi ya biya dala 100,000, har ƙungiyar Teamsters ta kai ƙara kotu.

Su ma manyan ba su zauna ba. A 2023 matuƙan Delta suka samu ƙarin kashi 34 cikin ɗari a tsawon yarjejeniyarsu, United da American suka biyo da kusan kashi 40 ko fiye. Tsohon kyaftin na babban jirgi mai ƙetare teku ya haura dala 400 a awa. Ga kuma kuɗin fansho da kamfani yake zuba maka, kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari na albashi, ba tare da ka sa ko sisi ba.

To mu ɗauko kyaftin ɗinmu mu yi masa lissafi. A ƙaramin kamfani yana karɓar wajen dala 200 a awa. In ya tsallaka, shekarar farko dala 100 da 'yan kai zai karɓa. Kusan rabi ya tafi, a ce dala 70,000 ko 80,000 a shekara guda, ga kuɗin gida, ga makarantar yara. Shekara ta biyu albashin zai yi tsalle, zuwa ta uku ko ta huɗu ya kamo inda ya baro, daga nan kuma sai gaba. Amma akwai katanga a ƙarshen hanyar: doka ta ce ranar da ka cika 65 ka sauka. Ɗan shekara 30 yana da shekara 35 a gabansa, zai hau layin har sama, bambancin kuɗin a tsawon rayuwarsa miliyoyin daloli ne. Ɗan shekara 56 shekara tara ta rage masa. Biyu ko uku za su tafi a cike gurbin abin da ya rasa, sauran kuma yana ƙasan layi, yana aiki ranar da 'yarsa take bikin kammala karatu.

Kar ku ɗauka wannan maganar hutu wasa ce. A 2023 United ta yi ta fama da kujerun kyaftin da ba masu so. Mataimakan da suka yi nisa a layinsu suka ƙi karɓar ƙarin girma, ƙarin kuɗi mai tsoka fa, saboda in suka karɓa za su zama ƙananan kyaftin, su koma zaman jiran kira. Mutane suna ƙin kujerar hagu a cikin kamfaninsu ma, balle a ce su bar kamfanin gaba ɗaya.

Sai babban tsoron. In kasuwa ta faɗi, daga ƙasan layi ake fara tura mutane gida ba albashi. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001 dubban matuƙa aka tura gida, wasu sun kusa shekara goma kafin a sake kiransu. Matuƙan TWA ma sun fi kowa shan wuya: American ta sayi kamfaninsu a farkon shekarar, aka liƙa da yawansu a ƙarshen layi duk da shekarun da suka yi, guguwar tana zuwa su ta fara ɗauka. Kwanan nan ma an gani. A 2024 ɗaukar ma'aikata ta ja baya sosai, Boeing ba ta kawo jirage a kan lokaci ba, United ta dakatar da ɗaukar sababbi na wasu watanni har ta nemi matuƙanta su ɗauki hutu ba albashi. Spirit kuma ta tura matuƙa gida, ta bayyana karyewar jari a Nuwamba. Ka yi tunanin wanda ya ajiye kujerar kyaftin a 2023 ya koma Spirit yana murna.

Daga jin wannan za ka ce to ai zama ya fi, kar a saki reshe a kama ganye. Nan ne nake cewa a dakata, a duba wanne ne reshen. Ƙaramin kamfani ba shi da fasinja nasa. Kwangila yake ci, kuma babban kamfani yana iya ɗauke ta ya ba wanda ya fi arha. Comair ta Delta ce, matuƙanta sun yi yajin aiki na kwana 89 a 2001 suka samu albashi mafi kyau a cikin ƙananan. Sannu a hankali aka riƙa zare mata jirage ana ba wasu, a Satumbar 2012 aka rufe ta. A 2020 Trans States da Compass suka rufe a wata ɗaya, ExpressJet ta bi su bayan United ta ɗauke kwangilarta. Kyaftin ɗin da ya ce shi ba zai motsa ba don kar ya rasa lambarsa, ya rasa ta a zaune, kuma ya je ya kama ƙarshen layi a wani wurin yana da shekarun da suka fi na da.

Akwai hanyar tsakiya da American ta yi wa kamfanoninta uku: ka zauna, in layi ya zo kanka za a wuce da kai babban kamfani ba tare da ganawar neman aiki ba. Yana da daɗin ji. Amma shekaru ake yi ana jira, kuma a lokacin da Delta take ɗaukar mutum wajen 200 a wata, duk watan da ka ƙara a zaune mutum ɗaruruwa ne suke shiga gaban ka a layin da za ka je daga baya, kuma ba za ka taɓa wuce su ba.

In ni aka tambaya, wanda bai kai 45 ba ya tafi, kuma ya karɓi ranar farko da aka ba shi, kar ya ce sai ya gama wani abu tukuna. Wanda ya haura 55, gidansa yana garin da yake aiki, ya zauna abinsa, kuma kar wani yaro ya kira shi matsoraci. Na tsakiya su ne abin tausayi, kuma su tambayar da ya kamata su yi ba ta albashi ba ce kaɗai. Mutum nawa kamfanin zai ɗauka a bayana? Wanda ya shiga a farkon 2022, kafin shekara biyu akwai dubbai a ƙarƙashinsa, sai an tura su duka gida kafin a zo kansa. Wanda ya shiga a farkon 2024, ƙofa ta rufe a bayansa, shi ne a bakin rami. Aiki ɗaya, kamfani ɗaya, shekara biyu kacal a tsakani. Sannan ya duba ko yana da ajiyar da za ta riƙe gidansa shekara guda, ya kuma zauna da matarsa ko mijinta, don su ne za su ɗauki nauyin kwanakin da ba ya nan.

Shekarun ritayar nan ma rigima ce a kanta. A 2007 aka ɗaga su daga 60 zuwa 65, layin ya tsaya cak na shekara biyar, ba mai fita daga sama, ba mai motsawa daga ƙasa, mataimaka a ƙananan kamfanoni suka yi ta tsufa a kujerar dama da albashin nan na yunwa. A 2024 an so a ƙara zuwa 67. Ƙungiyar ƙananan kamfanoni ta goyi baya, babbar ƙungiyar matuƙa ta ALPA ta ƙi, maganar ta faɗi a kwamitin majalisar dattawa, aka bar ta a 65.

Nan za mu tsaya yau.